Ruwan da Ya Rage a Cikin Taguwa

Deptford, Landan
2 ga Nuwamba, 1986

Assalamu alaikum Ɗalha,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da Katumi da yara duka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ka sani, in sanyi zai shigo ita take fara gaya mini kafin rediyo. Kada ka yi wa rubutun nan dariya, tsohuwar tafiretar auta Hafsatu ce ta bar mini, da yatsa biyu nake bugawa, yadda magana ta zo bakina haka nake sa ta.

Ranar Talata na fita takabar yayanka. Mata sun zo an yi addu'a an ci tuwo kowa ya watse. Washegari na koma aikina na sharar ofis a Aldwych, da na tashi ban nufi gida ba, sai na hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har Dagenham wajen motarsa Taguwa.

Tana nan inda ya bar ta a bayan gidan abokinsa Alhaji Mashud, ganyen tuffa duk ya rufe mata kai. Shekara shida yana haɗa motar nan mai ɗaki, ai ka sani, tunda kai ka taya shi shimfiɗa mata bututun ruwa kafin sanyi ya kore ka gida da gudu. Na buɗe na shiga. Ɗalha, komai na nan. Gadon da ake naɗewa, da ɗan murhun gas, da labulen atamfar da na ɗinka, da taswirar da ya manna a ƙofa ya ja jan layi tun daga Dover har Daura. Na zauna a kujerar gaba na rufe ido. Wallahi sai na ji muna tafiya. Mun bar Faransa mun bar Sifen, mun tsallake ruwa, ga rairayi iya ganinka, yana tuƙi yana ce mini ga Tamanrasset can, jibi Agadas, in mun kai Damagaram ki fito da ɗankwalinki mai kyau. Sai da Amamata matar Alhaji ta buga gilashi na dawo. Ta ce, "Ajara, ka mutu ne ko ka yi barci? Fito ka sha koko." Ka san Hausarsu ta Kumasi, kowa namiji ne a wajensu.

To ga abin da ya sa na rubuto. Na taka abin turo ruwan nan na ƙasan wajen wanke-wanke, haka kawai, sai ruwa ya zubo. Ruwan da yayanka ya cika tanki da hannunsa ne, ranar Asabar ɗin da ya ce mako mai zuwa za mu gwada ta mu je bakin teku. Litinin ya faɗi a wajen aiki. Na tsaya ina kallon ruwan nan yana zuba a hannuna, sannan na kunna murhu na dafa shayi da shi na sha.

Alhaji Mashud ya ce kafin sanyi ya kankama dole a zubar da ruwan duka, ko ɗigo kada a bari, wai in ya daskare zai fasa bututu ya shiga ƙarƙashin daɓen katako ya ruɓar da shi. Ni ban gane ba. Mu da muka tashi ana cika randa da tulu kafin rana ta faɗi, yau a ce mini in tsiyayar da ruwa mai kyau a ƙasa, wai gyara ke nan? Gidan da babu ruwa a ciki ai ba gida ba ne. Ita kuma Hafsatu cewa take a ba da motar kowa ya huta, in na yi mata Hausa ta amsa mini da Turanci kamar ma'aikaciyar council, hukumar unguwarmu.

Saboda haka abu biyu nake tambayarka. Maganar Alhaji gaskiya ce? Kuma alkawarin da ka yi wa yayanka cewa za ka zo ku yi karɓa-karɓar tuƙi har gida, yana nan, ko ya bi shi?

Af, akwai wani ɗan makulli a cikin makullan motar, ƙarami kamar na akwatin amarya, na gwada shi ko'ina a ciki bai buɗe komai ba. Na kuma tsinci tef ɗinsa na awo a aljihun gaba, har na yi dariya ni kaɗai. Na tuna ranar da ya zaunar da ni ya auna daga gwiwata zuwa ƙasa, wai takalmin sanyi mai tsawo zai sayo mini. Har ya koma ga Allah ban ga takalmi ba.

Ka gaida kowa da kowa.

Matar yayanka,
Ajara


Daura
21 ga Nuwamba, 1986

Wa alaikumus salam matar Yaya,

Takardarki ta same mu lafiya ranar Laraba, na karanta wa Katumi ta yi kuka ta yi dariya. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa kin fita a sa'a. Gwiwa kuma a dinga shafa man zafi, a bar hawan benen nan da kaya.

Na ga har yanzu ba ki daina yi mini gorin gudun sanyi ba. Eh, na gudu. Mutum ya tofa yawu ya ji ya faɗi kamar tsakuwa, me zai zauna yi? Amma alkawari yana nan. In Allah ya kai mu ƙarshen damina mai zuwa zan zo, in tuƙo ki har ƙofar gida kina gaba kina ba ni umarni kamar yadda kika saba. Sai dai ki ji da kyau. In daɓen motar nan ya jiƙe ya ruɓe, babu tafiya. Gado da tanki da murhu duk a kansa suke zaune, hanyar Sahara kuma jijjiga ce tun safe har yamma. Ba zan ɗauki matar Yaya a motar da za ta buɗe a ƙarƙashinta ba.

Maganar Alhaji Mashud gaskiya ce. Ruwa in ya zama ƙanƙara kumbura yake yi, randa tana da baki a buɗe, bututu kuwa ba shi da inda zai kumbura sai ya tsage. Ba za ki sani ba sai ya narke.

Ga yadda za a yi. A ƙarƙashin motar, ɓangaren direba, akwai murfin tanki baƙi, a kwance shi da sufana a bar ruwa ya zube har ya daina ɗiga. A buɗe famfon wajen wanke-wanke da na ɗan banɗakin, a bar su a buɗe har bazara, kada ki rufe don tsabta, na san ki. A yi ta taka abin turo ruwa har ki ji yana tari babu komai. Tukunyar ruwan zafi tana da tata 'yar ƙusar a gindi, ita ce ta fi saurin fashewa. Sannan a cire mesar da ke bayan famfo a sa baki a hura da ƙarfi har iska ta fita ta ƙasa. Kwatamin wanke-wanke a zuba masa ɗan ruwan gishiri mai kauri. Inji kuwa ba ruwanki da shi, Yaya ba ya wasa da maganin daskarewarsa.

Kuma don Allah ki daina shan ruwan wata biyar.

Batun ɗan makulli, ki ajiye shi kawai. Akwai wata magana da Yaya ya bar mini amana a kanki, ya ce kada in faɗa sai mun yi nisa a hanya. Ba ta takarda ba ce. In na zo kya ji.

Katumi ta ce a gaida Hafsatu, a ce mata kuka da daddawarta suna nan an ajiye.

Ƙaninki,
Ɗalha


Deptford
7 ga Disamba, 1986

Assalamu alaikum sarkin gudu,

Muna lafiya, ina fatan ku ma haka. Takardarka ta zo, na karanta ta sau nawa ban sani ba, har ta fara yagewa a wajen naɗi.

Ban zubar ba. Gara in gaya maka gaskiya. Sau biyu ina zuwa da niyya, Alhaji har ya fito da sufana, sai in ce masa bari sai mako mai zuwa, yau gwiwata. Kai ba ka gane ba Ɗalha. Kayansa duk an raba, rigunansa suna jikin mutane a Peckham, ranar nan na hango hularsa a kan wani a kasuwar Deptford sai da na dafa teburin mai doya. Ruwan nan ne kaɗai abin da ya taɓa da hannunsa wanda yake nan yadda ya bar shi. Duk Juma'a in na tashi aiki sai in je in dafa kofi ɗaya, ɗaya tak, ina tafasa shi sosai kada ka fara mini faɗa. In zauna ruwan sama yana bugun rufin motar, sai in ji kamar kwanon ɗakin Inna ne, har ƙamshin ƙasa nake ji. Wani lokaci sai in ga mun tsaya a tsakiyar daji da la'asar, ba kowa ba komai, ya shimfiɗa darduma a kan rairayi, ni kuma ina ɗora tukunya, wani Buzu ya ɓullo a kan raƙumi ya ce a ba shi ruwa, in ce masa sha ka ƙoshi, daga Ingila muka zo da shi. Shi kuma yayanka yana ta dariya. A mafarkin ma gwiwata ba ta ciwo, ina tsuguno in yi alwala kamar yarinya. A nan kuwa ka san wahalar, sai ka ɗaga ƙafa ka sa a sinkin Bature kana dafe da bango, rabona da in wanke ƙafa cikin daɗin rai na manta.

Sannan wannan maganar amana da ka sako a ƙarshe, me ke nan? Ka hana ni sakat. Na karanta wa Amamata, ta tafa hannu ta ce, "Ehen! Aure ne. Ƙanin miji zai gaji mota ya gaji mai mota." Na ce mata rufe mini baki, Ɗalha da na goya a bayana ranar da aka kai ni gidansu? Ta ce to ai ya san bayan ke nan. Matar nan ba ta da kunya ko kaɗan.

Ni ba wannan ne ya dame ni ba. Abin da zuciyata take raya mini shi ne ko ya gaya maka cewa dama ba tafiyar zai yi ba. Ko dai ya ga ina kukan gida ne shekara da shekaru, ya samo motar da zai dinga ƙwanƙwasa duk Asabar don in yi shiru, kamar yadda ake ba yaro ludayi ya yi wasa. Shekara shida fa Ɗalha. Duk shekara sai ya ce baɗi, saura abu kaza. In haka ne ka faɗa mini yanzu. In ba tafiya, to me zan kare? Gara in bar ruwana a ciki in sha har ya ƙare, sanyi ya yi abin da zai yi.

Jiya da safe ciyawa ta yi fari. Butar da Alhaji ya manta a waje ta yi fata a sama, Amamata ta kawo mini ita har cikin mota ta ce in taɓa. Na taɓa.

Ka amsa mini da wuri.

Ajara


Deptford
21 ga Disamba, 1986

Ɗalha, assalamu alaikum,

Lafiya lau muke. Shiru ban ji daga gare ka ba, na san halin gidan waya a ƙarshen shekara, amma kullum sai na leƙa ƙasan ƙofa.

An zubar. Jiya Asabar.

Ba wanda ya lallashe ni. Ina cikin motar ne ranar Juma'a ina neman ashana, na jawo wata durowa da ban taɓa buɗewa ba, sai ga gwangwanayen tumatir jere, da gishiri, da allura da zare, da maganin ciwon kai, da sabulun wanka irin wanda nake so. Kowanne yayanka ya ɗaure shi da roba don kada ya yi ƙara a hanya. Na ce a raina, mai wasa da hankalin mace ba ya ɗaure gwangwani da roba. Ban sani ba dai, amma haka na ji. Na fita na ce wa Alhaji gobe ya fito da sufanarsa.

Da ka ga abin da ka sha dariya. Alhaji da tumbinsa ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, ƙafafunsa kawai ake gani, ni ina tsaye da takardarka ina karanto masa kamar limami. Ya ce an gama kwancewa, kafin ya ja jiki ruwa ya sauko masa a hannun riga, ya yi wata ƙara da Turanci da ban taɓa jin Alhaji ya yi ba. Mun tara bokiti. Na ce ba za a zubar a kwata ba, muka yi ta kaiwa gindin tuffar nan, na ce Allah ya kai ladan kabarin yayanka. Bokiti tara. Famfo biyu na buɗe su na bar su a buɗe yadda ka ce, ko da yake hannuna yana ta ƙaiƙayin rufewa. Na taka na taka har abin ya yi tarin. Tukunyar ruwan zafi ma an kwance mata ƙusa.

Wajen hura mesa aka yi rigima. Alhaji ya ce ƙirjinsa, ni na hura sau biyu na ga taurari. Amamata ta ture mu ta ce, "Ku ba ni wuri, shekara talatin ina hura gawayi." Ta cika kumatu ta hura, sai ga wani ruwa ya yi tsartuwa ta ƙasa ya sami Alhaji a takalmi. Ta ce ya yi haƙuri, dama tun aurensu take neman hanya.

Da aka gama na shiga na taka abin, shiru, iska kawai. Motar ta yi wani irin fayau kamar gidan da aka tashi. Na ja labule na kulle na fito.

Na ɓoye kwalba ɗaya ban gaya wa kowa ba. Na kawo ta gida na sa a firji can baya. Yau da hantsi na dawo daga kasuwa na tarar Hafsatu ta yi mini gyaran firji, ta zubar da duk abin da ta ga ya daɗe, ta wanke kwalbar ta kife. Da na gaya mata ko mene ne sai ta ce, "Mum, it's just water," sannan ta ga fuskata ta fashe da kuka. Ni na koma ina rarrashinta. Ruwa ne kawai ɗin, gaskiyarta. Amma yanzu ko ɗigo babu.

Na yi nawa. Saura kai da amanarka.

Ajara


Daura
29 ga Disamba, 1986

Matar Yaya, assalamu alaikum,

Muna lafiya. Sai jiya takardarki ta bakwai ga wata ta iso, ina rubuta wannan a tsaye a gidan waya.

Na farko, ki tuba ki bar wannan zato. Yaya tafiya zai yi. Abin da ya riƙe shi shekarun nan ba ya son ya tsaya da ke a daji saboda ƙusa ɗaya da bai ɗaure ba. Ki ce wa Amamata kuma Katumi ta ji saƙonta, ta ce tana jiranta.

Na biyu, na yi kuskure, kuma babba. Na ce miki famfo biyu ne. Uku ne. Ina rubuta waccan takarda na san da na ukun, na riƙe alƙalami na daɗe, na ce in na faɗa na ci amanar mamaci, na kuma gaya wa kaina ai ruwansa zai bi na tanki ya fita. Da na karanta labarin butar Alhaji na zauna na zana bututun a ƙasa da tsinke, na ga ba zai fita ba. Ya lanƙwasa ƙasa, kuma bakinsa a rufe yake. Ko kun zubar da tanki, shi yana nan cike.

Ki ɗauki ɗan makullin nan. A waje, bayan tayar baya ta hagu, akwai wata ƙaramar ƙofa da aka shafe da fenti ɗaya da jikin motar. Ki buɗe, ki murɗa famfon da ke ciki, a hura. Ki yi yau, kada ki jira Juma'a. Ban sani ba ko bututun ta saman daɓe ya bi ko ta ƙasa ba, ranar da ya ƙarasa shi na riga na taho. In ta sama ne kuma ya fashe, katakon da ke ƙarƙashin gado zai sha.

Abin da za ki gani a ciki shi ne amanar. Ya so ki gan shi a Sahara. Allah ya yafe mini, shi ma ya yafe mini.

Ɗalha


Deptford
25 ga Janairu, 1987

Wa alaikumus salam Ɗalha,

Muna lafiya, mun fito da ranmu. Ina fatan kai da Katumi da yara kuna lafiya. Takardarka ta gaggawa ta iso ranar Alhamis da ta wuce. Ta makara da kwana goma sha, ka ga gaggawar gidan waya.

Sanyin da aka yi a tsakiyar watan nan, tsofaffin Turawan benenmu sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Da kana nan da a ƙafa za ka koma Daura. Dusar ƙanƙara ta rufe motoci, jiragen ƙasa suka tsaya, kwana huɗu ban je aiki ba. Bututun maƙwabciyarmu ta sama ya fashe ruwa ya sauko ta bango. Ina kallon bangon nan ina cewa alhamdu lillahi Taguwa babu komai a cikinta. Ashe.

Da hanya ta buɗe ranar Asabar ta sama na ce zan je in duba ta. Hafsatu ta ce ba za ta bar ni in tafi ni kaɗai a kan santsi ba, ta biyo ni tana ƙunƙuni. Muka tarar da ita fara fat, kamar an lulluɓe ta da zanen gado. Ciki lafiya lau, a bushe. Ina zagayawa ta baya ina kakkaɓe mata dusa da tsintsiya, sai Hafsatu ta ce in zo in ga. Ƙanƙara ce ta sauko daga jikin motar, doguwa kamar yatsa, a wajen da babu dalilin ruwa. Na goge wajen da hannu sai ga ɗan ramin makulli. Makullan suna cikin jakata.

Ɗalha, kai ka san abin da ke ciki, amma bari in gaya maka yadda na gan shi. Ƙofar ta buɗe ta sauko ƙasa, sai ga wata 'yar kujera ta katako ta warware da ƙafafunta. A gabanta ɗan famfo na tagulla, ƙasa-ƙasa, da wani ɗan katako mai gangara na ɗora ƙafa. Ga ƙusa ta rataye tawul, ga gurbin sabulu. Wajen alwala. A jikin katakon ya yi rubutu da fensir, hannunsa ne, ya sa gwiwar A., inci goma sha shida.

Bututun ya tsage, tsawon kamu ɗaya, ya buɗe baki ƙanƙara ta leƙo. Na kira Alhaji ya zo da tocila ya sake shimfiɗa kwalinsa a kan dusa, bawan Allah. Ya daɗe a ƙasa. Ya fito ya ce ta ƙasan daɓe yayanka ya bi da shi, ko kusa da katako bai je ba, ya ƙwanƙwasa ko'ina ƙarau yake. Ya ce mutumin nan ya san abin da yake yi. Saboda haka ka kwantar da hankalinka, Taguwa tana nan da ranta, kuma ba ka da hanyar gudu.

Ban yi fushi da kai ba. Da ka faɗa tun farko da Amamata ce za ta fara sa masa baki.

Azahar ta yi muna wajen. Na ɓalle ƙanƙarar nan da hannuna, da wadda ke cikin tsagar, na zuba a buta, Amamata ta kawo ruwan zafi ta ƙara a kai. Ka ga ashe akwai sauran ruwansa, shi ya ajiye mini da kansa. Na zauna a kujerar. Ban dafa komai ba, ban ɗaga komai ba, na miƙa ƙafa kawai ta sauka daidai kan katakon. Hafsatu tana zuba mini ina wankewa, tururi yana tashi, ko'ina fari iya ganinka, shiru, babu mota babu mutum. Na ɗaga kai na ce mata haka Sahara take, sai dai ita da ɗumi. Can da muna hanyar tube ta tambaye ni, da Hausa fa, wai daga nan zuwa Daura kwana nawa ne.

In za ka taho ka zo da bututu kamu ɗaya da hannunka, na ce wa Alhaji kada kowa ya taɓa, kai za ka gyara tunda kai ka ɓata. Ka zo da rigar sanyi ta kirki. Ka gaida Katumi, ka ce ta fara tanadin kukar.

Takalmin kuwa na yafe masa.

Matar yayanka,
Ajara